Yadda ake shirya baje kolin lissafi da kimiyya wanda ake taɓawa da hannu

A zuba zoɓo a kofi, a sirka shi da ruwa har ya yi shara-shara, sannan a miƙa wa yarinya 'yar aji huɗu cokalin ruwan kanwa a ce ta zuba da kanta. Jan zai ɓace a gaban idonta, ya koma kore mai duhu. Ba sai an ce mata komai ba, ita za ta ɗago kai ta ce, "Malam, me ya faru?" Wannan tambayar ake nema, kuma duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta fito da ita daga bakin mutum ɗari biyu ko uku a yini guda, yara da manya, waɗanda suka yi boko da waɗanda ba su yi ba.

Irin wannan baje koli yana da tarihi. A 1969 wani masanin kimiyya mai suna Frank Oppenheimer ya buɗe gidan baje kolin kimiyya mai suna Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka, ya ajiye wurin aikin kafintoci da maƙera a cikin zauren, inda kowa ke ganin yadda ake ƙera kayan da yadda ake gyara su idan sun lalace. A Jamus, Farfesa Albrecht Beutelspacher ya fara ne da kayan da ɗalibansa suka haɗa da hannu, aka nuna su a 1994, abin ya yi ta girma har aka buɗe gidan lissafi na Mathematikum a garin Giessen a 2002. Na kawo waɗannan biyu ne don a ga daga inda suka taso: katako, igiya, ƙusa, da malamin da ya yarda a taɓa. Duk ana samun su a kasuwar kowane gari namu.

Mataki na farko: su wa kuke kira?

Kafin a sayi ƙusa ɗaya, a zauna a amsa wannan. Baje kolin 'yan firamare daban yake da na 'yan babbar sakandare, wanda kuma za a buɗe wa unguwa baki ɗaya ya bambanta da duka biyun. Shawarata ga wanda zai fara shi ne ya nufi yara 'yan shekara 10 zuwa 14 tare da iyayensu. Abin da ya riƙe hankalin ɗan shekara 12 zai riƙe na babansa, amma abin da aka tsara don ɗalibin jami'a yakan kori kowa.

Ku haɗa mutum biyar zuwa bakwai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A samu malamin lissafi, malamin kimiyya, mace aƙalla ɗaya da za ta jagoranci ɓangaren mata da 'yan mata, mai riƙe kuɗi, da kafinta. Kafintan nan a sa shi cikin shawara tun zaman farko, domin shi ya san wane katako ne zai jure hannun yara ɗari uku. Daga nan a je a gaida shugaban makaranta, mai unguwa ko dagaci, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. A tafi da abu ɗaya a hannu, ko da kofin zoɓon nan ne, a bar mai unguwa ya zuba kanwar da kansa. Ya fi wasiƙa mai shafi uku aiki.

Wuri da lokaci

Ɗakin taro na makaranta ya isa, ko azuzuwa uku a jere da rumfa a tsakar fili. Abin dubawa shi ne ƙofar shiga daban, ta fita daban, da haske, da iska, da ruwan sha kusa. Kada ku dogara da wutar lantarki. A tsara komai yadda zai yi aiki ko an ɗauke ta, abin da ke buƙatar caji kuma a caje shi tun dare.

Lokacin hunturu zuwa farkon bazara ya fi, saboda ba ruwan sama, kuma busasshiyar iska tana taimaka wa wasu gwaje-gwajen da za mu zo kansu. A kauce wa makonnin jarrabawa, da tsakar ranar azumi, da ranar kasuwar garin. Masu son jingina taron da wata rana da duniya ta sani suna da biyu: 14 ga Maris, wadda UNESCO ta ayyana a 2019 a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya, da 10 ga Nuwamba, ranar kimiyya. A ba shiri wata biyu cif. Mako shida na ƙira da gwaji ne, sauran biyun na horar da masu tsayawa a tebura da sanarwa.

Zaɓen kaya, inda aikin yake

Tebur 10 zuwa 12 sun wadatar. Kowane abu da aka kawo shawararsa a auna shi da tambayoyi uku. Shin baƙo zai iya canza wani abu da hannunsa ya ga sakamako nan take? Shin zai iya sake yi sau goma ba tare da abin ya ƙare ko ya karye ba? Shin mutum uku za su iya tsayawa a kansa su yi gardama? Abin da ya kasa tsallake tambayar farko a ajiye shi, komai kyansa. Hoton tsarin taurari da aka manna a bango ado ne, dutsen da ke aman wuta da aka ƙera da laka kuma sau ɗaya yake burge mutum. Ga waɗanda na fi amincewa da su.

Igiyar magina da akwatunan yashi. A ɗauki igiya a ƙulla mata ƙulli a tazara daidai wa daida har a sami tsakani 12, a haɗa bakinta biyu. Yara uku su riƙe ta su ja, gefe ɗaya tsakani 3, ɗaya 4, ɗaya 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 za ta fito a miƙe sak, irin ta lungun ɗaki, su je su gwada ta a lungun ajin. Magina da yawa da wannan suke fitar da harsashin gini, ko da ba su taɓa jin sunan Pythagoras ba, masanin lissafin da ake jingina wa wannan ƙa'ida. A gefen igiyar, kafinta ya yi akwatuna uku marasa murfi, kowanne murabba'i, faɗin cikinsu santimita 15, 20 da 25, zurfinsu duka santimita 5. A jera su yadda gefunansu za su zagaye alwatika a tsakiya. Baƙo ya cika ƙananan biyun da yashi, ya share bakinsu da rula, ya juye su cikin babban. Zai cika daidai bakinsa, domin 15 sau 15 ya ba da 225, 20 sau 20 ya ba da 400, jimlarsu kuma 625 ce, wato 25 sau 25. A yi amfani da yashi mai laushi da aka tankaɗe. Gero ma yana yi, sai dai yana barin ɗan giɓi, kuma ganin hatsi a zube a ƙasa ba ya yi wa dattawa daɗi, da gaskiyarsu. Awon akwatunan daga ciki ake yinsa. A nanata wa kafinta wannan, don idan ya auna daga waje kaurin katakon zai ɓata lissafin gaba ɗaya.

Gwangwani da mazurari. A kai wa mai ƙera kwano gwangwanin madara babba, ya yi mazurari marar huda wanda faɗin bakinsa da tsayinsa suka yi daidai da na gwangwanin. Tambayar da za a rubuta: mazurari nawa ne zai cika gwangwanin? Mafi yawan mutane biyu suke cewa. Uku ne, kuma mai sayar da hatsi da ya saba da tozon mudu yakan daɗe a wannan teburin.

Teburin da'ira. A tara faifai, murfin tukunya, tire, tayar keke, murfin kwalba, da tef irin na tela. Kowa ya auna kewayen abu, ya auna faɗinsa ta tsakiya, ya raba na farko da na biyu, ya rubuta a allo da alli. Zuwa azahar allon zai cika da 3.1 da 3.2 da 3.15, daga ƙaramin murfi har taya. Kada a goge na wanda ya sami 2.9 ko 3.4. A bar shi ya tsaya, domin daga nan ake fara maganar kuskuren awo da dalilin da ya sa ake maimaitawa. Lambar da duk suke zagayawa ita ce 3.14 da 'yan kai, shi ya sa aka zaɓi 14 ga wata na uku.

Murabba'in lambobi. Wannan ina so a dakata a kansa, don namu ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malamin Katsina da ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, ya rubuta littafi a 1732 wanda a cikinsa ya bayyana hanyoyin tsara lambobi cikin gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Masu nazarin tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau, yaranmu kuwa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. A zana gidaje tara a falanki, uku-uku, a rubuta 1 zuwa 9 a kan murafun kwalba. Aikin baƙo shi ne ya jera su yadda kowane layi, a kwance, a tsaye da a karkace, zai ba da 15. A bar shi ya sha wuya kaɗan. Idan ya gaji, mai tsaron tebur ya tambaye shi jimlar lambobin duka. Zai samu 45, a raba wa layuka uku, kowanne 15. Sai tambaya ta biyu: wace lamba ce ta dace da tsakiya? Da ya gano 5 ce, sauran sukan zo da sauri: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ga waɗanda suka gama, a ajiye falanki mai gida 25 da wannan hanya: a sa 1 a tsakiyar layin sama, kowace lamba ta gaba a hau sama gida ɗaya a matsa dama gida ɗaya, idan an fita daga falankin a shigo ta ɗaya gefen, idan an tarar da gidan a cike a sauko ƙasan lambar da aka ajiye yanzu. Kowane layi zai ba da 65. Wasu baƙi za su ce ai wannan hatimi ne, don sun san shi a wajen malaman tsibbu. A amsa cikin ladabi cewa a nan ƙidayar kawai ake dubawa, kuma a bar maganar a nan.

Allon ƙusoshi. A sami falanki mai kamar santimita 60 a faɗi, 80 a tsayi. A kafa ƙusoshi layi 10, na farko ƙusa ɗaya, na biyu biyu, haka har goma, kowace ƙusa tana daidai tsakiyar biyun da ke ƙasanta. A ƙasa a yi gurabe 11 da siraran katako. A samo ƙwallayen boris masu girma ɗaya daga masu gyaran babur, tazarar ƙusoshin ta ɗan ɗara faɗin ƙwallon kaɗan. A jingina allon a karkace, a rufe fuskarsa da roba mai nuna ciki don kada ƙwallaye su yi tsalle waje. Kowane ƙwallo idan ya bugi ƙusa, ko ya bi dama ko hagu, ba mai iya cewa ga inda zai faɗa. Amma a saki ɗari biyu, sai ga tudu a tsakiya yana gangarowa gefe biyu, a sake kuma tudun ya dawo. Dalilin shi ne hanyoyin da ƙwallo zai iya bi 1024 ne, 252 daga ciki suna kaiwa gurbin tsakiya, ɗaya tak ke kaiwa kowane gurbin ƙarshe. Francis Galton na Ingila ne ya ƙirƙiro allon a ƙarni na 19. Shi ne mafi wahalar ƙerawa a duk jerin, a fara shi da wuri, don sai an yi ta gyara karkatar kafin tudun ya fito da kyau.

Akwai wasa makamancinsa da ba ya cin ko sisi. Idan mutum 13 suka taru, kowa ya rubuta lambobi biyu na ƙarshen lambar wayarsa kawai, damar a sami biyu iri ɗaya ta haura rabi. Idan sun kai 20, ta kusa tara cikin goma. Manya sukan ƙi yarda sai an gwada.

A ɓangaren kimiyya, zoɓon da muka fara da shi yana buƙatar kofuna masu nuna ciki, da ruwan lemon tsami, ruwan kanwa, ruwan toka da aka tace, da ruwan omo. Tsami yana ƙara wa jan haske, kanwa da toka suna mai da shi kore. Abin da ya fi ƙayatarwa shi ne a matsa lemo cikin kofin da ya riga ya koma kore: zai yi kumfa, jan ya dawo. Iyaye mata sun san kanwa tana kashe tsamin yakuwa tun kafin a haifi malamin kimiyyar, a ba su dama su faɗa. A rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a sha.

Tukunya cikin tukunya kuma, wadda ke sanyaya abin da aka sa a ciki ba tare da lantarki ba, aikin Mohammed Bah Abba ce, malami a Dutse ta Jigawa, wanda ya yaɗa ta a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a rufe. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin babbar yana bin iska, yana tafiya da zafi. A haɗa biyu, ɗaya da jiƙaƙƙen yashi ɗaya da busasshe, a sa ma'aunin zafi a kowacce, a bar mutane su zura hannu kafin su duba ma'aunin. A jiƙa ta tun asuba, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Da damina ba ta yin sanyi sosai, wannan ma tambaya ce mai kyau ga baƙo.

Lilo: a rataya igiyoyi a sanda, biyu masu tsayin mita ɗaya, ɗaya da ƙaramin dutse ɗaya da babba, ta uku mai santimita 25. Masu mita ɗaya za su riƙa zuwa su dawo tare cikin kusan daƙiƙa biyu duk da bambancin nauyi, gajeriyar kuma cikin daƙiƙa ɗaya. Akwatin duhu: babban kwali da kai zai shiga, ƙaramar huda a bayansa sama da kai, farar takarda a manne a ciki ta gaba. Mai kallo ya juya wa fili baya, zai ga bishiya da masu wucewa kai a ƙasa. Masanin kimiyya Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce. Balan-balan da aka goga a gashi ko ulu tana ɗaukar yagaggun takardu, kuma a hunturu abin yana yi sosai.

Idan kuna da kwamfuta ko da ɗaya ce, a ba ta tebur guda, kada ta zama ita ce taron. Shirin IMAGINARY, wanda cibiyar binciken lissafi ta Oberwolfach a Jamus ta fara a 2008, yana ba da hotuna da manhajoji kyauta ga duk mai son shirya baje koli. Manhajarsu SURFER tana mai da lissafin aljabra siffa mai launi: a canza lamba ɗaya, ƙwallo ya zama ƙwai ko ya tsuke a tsakiya. Akwai kuma gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado, da manhajar lissafi ta GeoGebra. A sauke su tun kafin ranar don su yi aiki ba intanet.

A bakin ƙofa, ƙarƙashin inuwa, a haƙa gurabun dara a ajiye tsakuwa da kara. Dattawan da suka rako jikoki a nan za su fara zama, daga nan kuma a ja su ciki.

Gwaji kafin a kira jama'a

Da an gama kowane abu, ko da bai sha fenti ba, a kira yara biyar da ba su san komai a kansa ba, a ajiye musu, a koma gefe a yi shiru. Shirun nan yana da wuya ga malami, bakinsa zai yi ta ƙaiƙayi, amma a daure. A lura da abin da suka fara taɓawa, inda suka rikice, da abin da suka yi wanda ba a zata ba. Na taɓa ganin an ƙera akwatunan yashi masu kyau, aka manta ba a ajiye rula ba, yara suka riƙa cika su da tozo, lissafin ya ƙi fita, suka tafi da yaƙinin cewa maganar ƙarya ce. Minti biyar na gwaji da ya hana wannan. Abin da ya karye a hannun yara biyar a sake shi da ƙarfi ninki biyu, wanda suka bari cikin rabin minti a gyara shi ko a cire.

Rubutun kan tebur

Gajere, da manyan baƙaƙe, a kwali mai tauri. Sama: abin da za a yi, cikin jimla ɗaya ko biyu. Tsakiya: tambaya. Bayanin dalili kuma a rubuta shi a ƙasa a rufe da wani kwalin da ake ɗagawa, don kada amsa ta riga gwaji. Misali: "Cika mazurarin da yashi, ka juye a gwangwani. Sau nawa kake zato kafin ya cika? Faɗi kafin ka fara." Da Hausa za a rubuta, a ƙara ajami don almajirai da manyan da shi suka iya, sannan a sa kalmar da ɗalibi zai tarar a littafin makaranta, Turanci a Najeriya, Faransanci a Nijar. A ba wanda ba malami ba ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe, a sake rubutawa.

Masu tsayawa a tebura

A nan baje koli yake gyaruwa ko ya lalace. A Exploratorium 'yan sakandare ne suke wannan aiki, mu ma su ya kamata mu ɗauka, maza da mata, biyu a kowane tebur don su riƙa karɓar juna. A yi musu zama uku. A na farko su yi wasa da komai kamar baƙi. A na biyu kowa ya koyi dalilin abin da ke teburinsa har ya iya faɗa da Hausar gida. Na uku na koyon riƙe baki ne, kuma shi ya fi muhimmanci, domin yaron da ya san amsa yana ɗokin faɗinta.

A koya musu su sa hannu a baya, baƙo ne mai taɓawa. A koya musu tambayoyi uku: me kake zato zai faru, me ka gani, me za ka canza? Da yadda ake tarbar kowa gwargwadon girmansa. Ga dattijo: "Sannu da zuwa, Baba. Ko za ka taimaka mana ka riƙe bakin igiyar nan?" Ga uwa: "Inna, ke da kika san kanwa, me kike gani zai faru idan an zuba?" Ga ƙaramin yaro: "Zo, ƙanena, kai za ka saki ƙwallayen." Babba yana jin nauyin ya yi kuskure a gaban yara, amma idan taimako aka roƙe shi, zai sa hannu. Idan aka yi musu tambayar da ta fi ƙarfinsu, su ce za su tambayo, su rubuta ta a littafin da aka ajiye don haka. Kada wanda ya ce wa baƙo "ba haka ba ne". A ce masa, "Mu gwada mu gani."

Kuɗi da sanarwa

Shiga kyauta ne. Wajen neman taimako, a roƙi kaya maimakon kuɗi: mai katako ya ba da ragowar falanki, mai shago ya ba da kwalaye, ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki ruwan sha, tsofaffin ɗalibai su biya kafinta da abincin masu tsaron tebura. A rubuta komai, a karanta wa kowa bayan taro. Sanarwa kuwa ta bi masallatai bayan sallah, makarantun Islamiyya da na allo, coci inda akwai, zaurukan WhatsApp na unguwa, da gidan rediyo idan za su karɓa.

Ranar taro

A shirya tebura tun jajibiri, a bar fili tsakaninsu yadda keken guragu zai wuce, a sa wasu kayan a kan tabarma don ƙanana. Teburan ruwa da yashi su kasance a waje ko kusa da ƙofa. A shigar da mutane rukuni-rukuni, kamar 40 a lokaci guda, minti 45 kowanne. Safiya ta makarantu, bayan azahar a keɓe wa mata da 'yan mata da mata masu tsaron tebura, bayan la'asar a buɗe wa kowa. Idan ba a keɓe wannan lokaci ba, samari za su mamaye tebura, 'yan mata su koma kallo daga baya, matan aure kuma ba za su zo ba sam. A keɓe wa almajirai rukuninsu ta hannun malamansu.

Bikin buɗewa kada ya wuce minti 15. Na sha ganin jawabai sun cinye safiya, yara suna zaune a rana, kayan da aka yi wata biyu ana ƙerawa suna jira. A yi addu'a, a yi godiya, a miƙa wa babban baƙo ƙwallayen boris ya saki na farko.

Ba wuta, ba fetur, ba asid na batir, ba fasasshen gilashi. Ƙwallayen boris da murafun kwalba suna shiga bakin ƙananan yara, a sa ido, a ƙirga su bayan kowane rukuni. Kada a bar kowa ya kalli rana kai tsaye da sunan gwaji. A ajiye akwatin taimakon gaggawa, da guduma, gam, igiya da ƙusoshi, kafinta kuma ya yini a wurin. Idan abu ya lalace a gyara shi a gaban mutane, yara sukan taru a kan gyaran kamar yadda suke taruwa a kan gwajin. Hoto kuma sai da izinin iyaye ko malamai.

Don sanin abin da ya yi aiki, a ba kowane mai fita tsakuwa ɗaya ya jefa a gwangwanin teburin da ya fi so. Mutum ɗaya daga cikinku kuma ya zauna gefe da agogo, ya riƙa rubuta tsawon lokacin da ake daɗewa a kowane tebur. Sau da yawa teburin da ya tara tsakuwa daban ne da wanda aka fi daɗewa a kansa, na biyun nan shi za ku ƙara wa ƙarfi.

Bayan an watse

A zauna a ranar, kafin a manta, tare da ɗaliban da suka tsaya a tebura. A karanta littafin tambayoyi gaba ɗaya, a raba wa malamai su amsa a aji cikin makon, mafi kyawun tambayar kuma ta zama sabon tebur a karo na gaba. Kowane abu a sa shi a kwalinsa, a manna jerin kayansa a murfi tare da awonsa, don wani kafinta ya iya sake ƙera shi. A zubar da ruwan zoɓo da na kanwa, a shanya yashi kafin a ɗure a buhu, a shafa wa ƙwallayen boris ɗan mai don kada su yi tsatsa, a naɗe tukwane da tsumma. Duka kayan su shiga akwatin ƙarfe biyu da a-daidaita-sahu ɗaya zai ɗauka. A ba mutum ɗaya makullin, a rubuta sunan makarantar da za ta karɓa a gaba da ranar da za a kai mata, sannan ɗalibai huɗu daga cikin waɗanda suka ƙware su bi akwatunan don su horar da na can.